Malam Maman Barka, malamin makarantar da ya koma ɗalibi saboda biram

Malam Maman Barka, wanda jaridun Faransanci da faya-fayen Turai suke rubutawa Mamane Barka, mawaƙi ne kuma makaɗi ɗan Nijar. An haife shi a Tesker, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. A gida an fi saninsa da gurumi da waƙoƙin Hausa. A waje kuwa sunansa ya tafi ne tare da biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma na tafkin Cadi, wanda ya je ya koya a 2002 wurin tsoho na ƙarshe da aka sani ya iya shi. Kafin duk wannan, malamin makarantar boko ne, kuma sunan «Malam» bai rabu da shi ba har a dandalin kiɗa.

Daga Tesker zuwa aji

Tesker tana arewa da Gure, a bakin hamada, kan hanyar duwatsun Termit. Ƙasa ce ta raƙuma da rijiyoyi masu zurfi, inda Tubawa suka fi yawa, ga kuma Larabawa da Fulani da Buzaye da ke ratsawa da dabbobinsu. Maman Barka Batube ne, ɗan gidan makiyaya.

Ga yaron da aka haifa a irin wannan wuri a wancan zamani, shiga makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko a ƙasar baki ɗaya ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma a yankunan makiyaya abin ya fi haka ƙaranci. Iyaye ba sa son ba da yaron da zai bi raƙuma, makarantun kuma sai an haɗa musu da abinci da wurin kwana kafin su riƙe ɗalibi. Cikin ƴan kaɗan ɗin da suka tsallake wannan siraɗi aka samu malamai da ma'aikatan jinya da akawuna na farko na yankin. Barka ya yi karatu har ya zama malamin firamare, irin wanda yaran ƙauye ke kira «mushe», ya kuma yi shekaru yana riƙe da alli kafin kiɗa ya janye shi gaba ɗaya.

Abin da ya fito da shi daga wannan tashi shi ne harsuna. Ya yi waƙa da Hausa, da Tubanci, da Barbarci, daga baya kuma da harshen Buduma, ga Faransancin aiki. Wannan ya yi masa rana sau biyu: da farko wajen samun masu sauraro daga Diffa har Yamai, daga baya wajen zama gaban tsohon da ba ya jin yaren ofis.

Zamanin gurumi

Gurumi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ƴar ƙwarya ce ko ɗan kasko da aka rufe da fata, aka soka masa doguwar sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu, wasu uku. Makaɗi na danna tsirkiya a jikin sandar da yatsun hagu don sauya murya, dama kuma na kaɗawa. Ɗan'uwa ne ga molo da garaya, da kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi. Da wannan ɗan abu mai sauƙin ɗauka Maman Barka ya yi fice, waƙoƙinsa na zaman duniya suka shiga rediyo da kaset, suka ƙetara iyaka zuwa arewacin Najeriya, inda aka karɓe shi kamar ɗan gida.

Ya taso ne a lokacin da gwamnati ta sa hannu sosai cikin harkar al'adu. A mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa sun zama makarantar mawaƙa da ƴan rawa da yawa, Muryar Sahel da Télé Sahel kuma suna yaɗa abin da aka yi. A 1987 aka fara gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, mai ɗauke da sunan shahararren makaɗin Tawa. Wajajen 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa da bunƙasa shi a Yamai, CFPM, da tallafin asusun raya ƙasashe na Turai, aka kuma sa mata sunan marigayi Alhaji Taya. A wannan cibiya, mai ɗakin ajiyar kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar, Barka ya yi aiki.

Ya kamata a tuna yadda jama'a ke kallon abin a lokacin. A ƙasar Hausa, da ma maƙwabtanta, kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana haɗa ta da roƙo. Malamin gwamnati mai albashi ya rataya gurumi ya hau dandali, ba kowane gida ne zai yi murna da haka ba. Amma wannan matsayi na tsaka-tsaki, ɗan boko da hannun makaɗi, shi ne ya ba shi damar yin abin da ya yi daga baya. Makaɗin gado ba kasafai yake barin kiɗan gidansu ya je koyon na wata ƙabila ba, mai bincike na jami'a kuwa zai naɗi sauti ya rubuta littafi amma ba zai iya kaɗawa ba. Barka ya haɗa biyun.

Biram da mutanensa

Daga Gaya zuwa N'guigmi, a gaɓar tafkin Cadi, tafiya ce ta kusan kilomita 1,500: a hau zuwa Dosso, a kama babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram da Diffa. Duk da wannan nisa, mutumin Gaya zai fi na wurare da yawa saurin gane rayuwar Buduma, domin shi ma ɗan bakin ruwa ne. Ya san Sarkawa da jiragensu a kogin Isa, ya san cewa masunci na gado ba ya ɗaukar ruwa a matsayin ruwa kawai, akwai masu shi da ake girmamawa, kamar Harakoy Dikko a al'adar Zabarmawa da Dandawa. Haka abin yake a tafkin Cadi.

Buduma suna ne da maƙwabtansu Barebari suka ba su. Su kansu Yedina suke kiran kansu. Suna zaune a tsibiran tafkin, tsakanin Cadi da Nijar da Najeriya da Kamaru. Sana'arsu su da kiwo. Nasu ne shanun kuri, farare masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. An san su kuma da jiragen da suke ɗaurawa da ciyawar ruwa, har ta kai a 1969 wani mai bincike ɗan ƙasar Norway, Thor Heyerdahl, ya ɗauki magina jirgi daga tafkin ya kai su Masar, suka ɗaura masa jirgin ciyawa mai suna Ra da ya gwada ƙetare tekun Atilantika da shi. Wani abin da ba kowa ya sani ba: harshen Buduma na cikin dangin harsunan Cadi, wato dangi ɗaya da Hausa, ko da yake zumuncin ya yi nisa har ba a jin juna.

Biram kamar ɗan jirgin ruwa yake. Ana sassaƙa gangar jikinsa daga itace, doguwa mai rami, a rufe bakin da fata. Daga gaba wata sanda ta fito ta lanƙwasa sama kamar goshin jirgi, tsirkiya biyar kuma suka taso daga kan fatar suka kama sandar, kowace da tsawonta. A nan ya sha bamban da gurumi. Ba a danna tsirkiyar biram don a sauya mata murya. Kowace tsirkiya murya ɗaya gare ta, ta fi tsawo ta fi kauri, ta fi gajarta ta fi siriri. Murya biyar ke nan makaɗi yake da su, duk gwanintarsa tana cikin yadda yake jera su da yadda yake saƙa su da waƙa. Masana kiɗa na sa shi cikin dangin kayan kiɗa masu lanƙwasasshen wuya irin waɗanda aka zana a kaburburan tsohuwar Masar, waɗanda har yau ake samun ƴan'uwansu a kudancin Cadi da Afirka ta Tsakiya da Yuganda. A Nijar kuwa, inda goge da molo da gurumi suka cika ƙasa, ba shi da na biyu.

A wurin Buduma, biram ba kayan hira ba ne kawai. Abu ne mai alfarma, wanda suka yi imani yana ƙarƙashin kariyar Kargila, iskar tafkin. Ba kowa ke taɓa shi ba, sai wanda aka shigar aka koya wa ƙa'idojinsa. Waƙoƙinsa na magana kan kakanni, da jarumtar mazan jiya, da shanu da kifi da ruwan kansa. Ga al'ummar da ba ta ajiye tarihinta a takarda ba, wanda ya iya waɗannan waƙoƙi shi ne ɗakin karatunta.

To, me ya sa abu mai wannan daraja ya rage a hannun mutum ɗaya? Babban dalili yana cikin ruwan. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da 1974, sannan na 1984 da 1985, suka janye shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan. Ɓangaren arewa, wanda Nijar ke ciki, shi ya fi shan wuya, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin daga kogunan Shari da Logon yake zuwa ta kudu, kuma idan ambaliya ta yi ƙaranci ba ta isa arewa. An yi shekarun da N'guigmi, wadda a da jirage ke tsayawa a bakinta, ta wayi gari ruwa ya yi mata nisan kilomitoci masu yawa. Tsibirai suka zama tudu, iyalai suka watse bin ruwa da kiwo, wasu suka koma noma a ƙasan tafkin. Zaman dare da ake taruwa a saurari tsoho ya ragu. A haɗa da rediyo da kaset da suka shigo da kiɗan birni, da kuma wa'azin da ke ƙyamar duk abin da ya shafi iskoki, sai a ga dalilin da ya sa saurayin Buduma bai ga ribar zama shekaru gaban mai biram ba.

Karatun 2002

A 2002 hukumar UNESCO ta ba Maman Barka tallafin karatu don ya je ya koyi biram. Yana da shekara arba'in da ƴan kai, sananne a ƙasa, mai faya-fayensa da masoyansa. Ya ajiye wannan duka ya nufi tafkin, wurin Boukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwanin biram na ƙarshe da ya rage.

Irin wannan karatu ba shi da allo ko littafi. Ɗalibi na zama kusa da malami, ya saurara, ya kalli yatsu, ya maimaita, a gyara masa. Sai ya koyi ɗaure tsirkiya da daidaita muryoyinta da kunne, ya haddace waƙoƙi cikin harshen da ba nasa ba, ya kuma san ma'anarsu da lokacin da ake yin kowace. Bayan wannan akwai ɓangaren da ba na yatsu ba, wato al'adun da ke kewaye da kayan kiɗan. Boukar Tar ya yarda ya buɗe masa wannan duka, ya kuma miƙa masa biram. Bayan ƴan shekaru tsohon ya rasu, Barka ya zama shi ake nunawa idan an tambayi wanda ya iya biram a duniya.

Akwai abin mamaki a nan, akwai kuma abin tausayi. Ɗan hamada, jikan masu raƙuma, shi ya gaji kiɗan mutanen ruwa. A ƙa'idar gado ba haka ya kamata ba, ɗa ko ɗan ɗan'uwa ne ke karɓa. Tsohon da ya amince ya ba baƙo sirrin gidansu, ya yi haka ne domin ya duba bayansa bai ga kowa ba.

Biram a dandalin duniya

A 2005 Barka ya fito da biram a bikin kiɗan hamada na Rissani, a ƙasar Maroko. A 2008 ya yi wasa a WOMAD, babban bikin kaɗe-kaɗen duniya da mawaƙi Peter Gabriel da abokansa suka kafa a Ingila tun 1982. A 2009 kamfanin World Music Network na Landan ya fitar da faifansa mai suna Introducing Mamane Barka, wanda shi ne ya kai sautin biram kunnen mutanen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba.

Abokin tafiyarsa a wannan zango shi ne Oumarou Adamou, makaɗin duma da kalangu da ƙwarya. Su biyu kawai suke hawa dandali. Wanda ya saurari faifan zai ji cewa ba kwafin abin da ake yi a tsibiri ba ne: an sa wa biram ganguna na ƙasar Hausa, an haɗa waƙoƙin da aka gada da waɗanda Barka ya tsara da kansa, harsuna kuma sun cakuɗu. Mai son a bar komai yadda aka same shi zai iya cewa an fitar da abu mai alfarma daga muhallinsa an kai shi gaban ƴan kallo masu tikiti. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai zaɓin da ke gabansa ba tsakanin tsibiri da dandali ba ne, domin a tsibirin an riga an daina. Ko dandali, ko akwatin gilashi a gidan tarihi.

Komawa aji, da misalin Koriya

Halin malanta bai sake shi ba. A farkon shekarun 2010, shi da Oumarou Adamou suka haɗu da Alhousseini Mohamed Anivolla da Bammo Agonla na ƙungiyar Etran Finatawa, wato Batube da Bahaushe da Buzu da Bafillacen Bororo, suka zagaya garuruwan Nijar suna shiga makarantu da gidajen matasa da kayan kiɗansu. An kira shirin The Endless Journey, ma'ana tafiya marar iyaka, an kuma yi fim a kansa. Damuwar da ta haɗa su ɗaya ce: yaran birni sun san kiɗan Amurka da na Abijan, amma da yawa ba su taɓa ganin kayan kiɗan kakanninsu da ido ba.

Ziyarar yini ɗaya a makaranta tana tada sha'awa, amma ba ta yin gwani. Gwani sai da shekaru, ɗalibin kuma sai ya ci abinci cikin shekarun nan. A nan ne misalin Koriya ta Kudu yake da amfani. Ƙasar ta fito daga mulkin mallakar Japan a 1945, ta faɗa yaƙi daga 1950 zuwa 1953, matasanta kuma suka rungumi piyano da kiɗan Turai har suka zama zakaru a gasannin duniya. Ganin kiɗan gida na neman ɓacewa, sai ta kafa dokar kare dukiyar al'adu a 1962, ta fara jera fasahohin da za a kare daga 1964. Lamba ta ɗaya ita ce kiɗan da ake yi a Jongmyo, wurin tunawa da sarakunan da a birnin Seoul. Dabarar ita ce a ɗaure fasaha da mutum. Gwamnati na ayyana gwanin da ke riƙe da ita, ta ba shi kuɗi kowane wata, shi kuma wajibi ne ya horar da ɗalibai ya kuma nuna fasahar a bainar jama'a. Japan ta riga ta da irin wannan doka tun 1950. A 1993 Koriya ta Kudu ta kai shawara gaban UNESCO cewa kowace ƙasa ta kafa irin wannan tsari na «taskoki masu rai», Faransa kuma ta fito da nata a 1994 ga gwanayen sana'ar hannu, da sharaɗin kowane gwani ya ɗauki ɗalibi.

Abin da Barka ya samu a 2002 tallafi ne na zango ɗaya. Ya isa ya ɗauko biram daga hannun tsoho ɗaya ya sa a hannun mutum ɗaya, wanda shi ma ba yaro ba ne. Nijar ta amince a 2007 da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba a taɓawa da hannu. A 2013 aka sa imzad, gogen matan Buzaye, cikin jerin gadon ɗan Adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar, a 2014 kuma aka sa wasan taubasai na Nijar. Biram bai shiga ba. Imzad ma ba jerin ne ya farfaɗo da shi ba. Tun 2003 wata ƙungiya a Aljeriya ta tara tsofaffin mata da suka iya shi a Tamanrasset, ta zaunar da ƴan mata gabansu.

Shekarun ƙarshe

Ana cikin haka ƙasar biram ɗin kanta ta shiga wani hali. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawa babur da cinikin kifi da na tattasai, waɗanda su ne jijiyar arzikin yankin. Ranar 25 ga Afrilu aka kai hari tsibirin Karamga, inda sojoji fiye da 40 suka kwanta dama tare da fararen hula. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumomi suka umarci mazauna tsibiran ɓangaren Nijar su fice. Mutane kimanin 25,000 suka fito, da yawa a ƙafa cikin zafin bazara, zuwa N'guigmi da Bosso, suka bar jirage da taru da shanu a baya. Buduma na cikin waɗanda abin ya fi shafa, ga hasarar dukiya, ga zargin da aka riƙa yi musu a jumlace na haɗa kai da maharan saboda kawai sun san hanyoyin ruwa.

Tafiyar da Barka ya yi a 2002, ya shiga yankin tafkin ya zauna gaban tsoho cikin kwanciyar hankali, ba za ta yiwu ba bayan shekara goma sha uku. Da tallafin ya makara, da babu wanda zai je, babu kuma wanda za a tarar.

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai shekara uku bayan an kwashe mutanen tsibiran, yana da shekara kusan 60. Waƙoƙinsa na gurumi na nan suna yawo a wayoyin jama'a da gidajen rediyo a Nijar da Najeriya. Faifan 2009 kuma yana kan intanet, ga duk mai son jin muryoyi biyar ɗin da Boukar Tar ya bar masa.